Rediyo Ya Yi Shiru

Kofur yana tsakiyar yi wa wani malamin makaranta aski sai matar abokinsa Rediyo ta tsaya a ƙofar shagon. Ta cikin madubi ya hango ta, ya kashe injin.

"Matarmu, lafiya dai?"

"Ka gama tukuna," ta ce.

Ya gyara wa malamin ƙeya, ya kakkaɓe masa wuya da buroshi, ya cire masa ƙyalle. Sai da mutumin ya fita sannan ta shigo, ta zauna a gefen benci, ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu.

"Abokinka yau kwana tara ke nan bai fito daga ɗaki ba."

Kofur ya san cewa ranar Asabar Rediyo bai zo ba. Shekara da shekaru duk Asabar sai ya zo, ko da gashi ko babu, ya cika shagon da surutu har masu jiran layi su manta da sauri suke yi. Da bai gan shi ba, sai ya ce wa kansa wataƙila an canza masa lokacin aiki. Ya yi niyyar leƙa shi, niyyar ta kwana, ta sake kwana.

Ta ba shi labari. Ranar Litinin ta makon jiya, da hantsi, Rediyo ya ɗauko bas ɗin kamfani cike da fasinjoji. Da ya iso mararrabar da ke gaban babbar kasuwa sai ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, ya kashe mota. Ya zare makulli ya miƙa wa kwandasta, ya sauka. Fasinjoji suna ta ihu, wasu na zagi, ko waiwayowa bai yi ba. Da ƙafa ya tako har gida, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya kwanta da rigar aikinsa.

"Ya bugi wani ne? Ko an yi masa wani abu a wurin aiki?"

"Babu. Na je har garejin na tambaya. Shugabansu ma mamaki yake. Ya ce a duk direbobinsa babu mai haƙurinsa." Ta sunkuyar da kai. "In na kai abinci ya ci loma biyu ya ture. In na yi magana ya ce 'to.' Kofur, mutumin da nake roƙo ya yi shiru in ji da kunnena, yau ni ce nake roƙon ya ce wani abu."

Babu wanda ya san Rediyo kamar Kofur. Rana ɗaya aka kama su a yaƙi, mota ɗaya aka zuba su, aka kai su wani tsohon sito da aka mayar sansanin fursunoni. Shekara uku da wata huɗu suka yi a ɗaki na huɗu, su arba'in da wani abu, a wurin da aka gina don buhuna. A can Kofur ya koyi aski, saboda ƙwarƙwata ta hana kowa sakat. Ya wasa murfin gwangwani a jikin siminti ya riƙa kankare wa mutane kai. A can kuma abokinsa ya sami sunansa. Kullum da yamma in an kulle su, sai ya ɗauki wani gwangwani ya kara a baki ya gyara murya.

"Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Ga labaran duniya daga ɗaki na huɗu. Rahotanni sun ce an ga ƙwayar wake guda ɗaya a cikin miyar yau, hukumomi na ci gaba da neman wanda ya jefa ta. Hasashen yanayi kuma, gobe ma za a yi yunwa, da ɗan ƙaiƙayi daga yamma."

Mutanen da haƙarƙarinsu ya fito ƙuru-ƙuru sai su yi ta dariya suna riƙe ciki. Lokacin da zawo ya kwantar da Kofur har aka fara yi masa kallon gawa, Rediyo ne ya riƙa goya shi zuwa bayan gida, yana yi yana ba da rahoto cewa an buɗe sabon layin sufuri, fasinja ɗaya, babu birki.

Yau shekara goma sha biyu da sakin su.

Da la'asar Kofur ya rufe shago, ya zuba kayan aiki a jakarsa ta fata, ya nufi gidan. Ɗaki biyu ne da falo a bayan wani shagon walda. Ɗakin Rediyo yana can ƙarshe, labule a sauke, taga a rufe, iskar ciki ta yi nauyi da warin jiki da na abincin da ya huce. Yana kwance ya juya fuska ga bango. Gemu ya fito masa fari-fari, wanda Kofur bai taɓa sanin yana da shi ba.

"Kai, tashi. Tun da ka ƙi zuwa shago, shago ya zo."

Rediyo bai juyo ba.

"Ka ga yadda ka koma kuwa? Ko akuya ta gan ka sai ta gaishe ka da yaya."

Rediyo ya juyo a hankali. Ya dube shi kamar yadda ake duban wanda ya tsaya a nesa cikin hazo.

"Kofur."

"Ni ne."

Bai yi musu ba da aka tashe shi zaune, bai kuma taimaka ba. Kofur ya jawo kujera kusa da taga, ya ɗage labulen, ya ɗaura masa ƙyalle. Ya sa matar ta kawo ruwan ɗumi a kwano. Ya fara da injin, ya sauke sumar, sannan ya shafa sabulu a gemun ya buɗe askarsa. Hannunsa ya san wannan kan: tabon da ke bayan kunnen hagu, inda gindin bindiga ya sauka, da ɗan kumburin da ke ƙeya. Yana aiki yana jiran a yi magana, don bai saba shi ne mai fara ta ba. Ya ba da labarin malamin makaranta, ya ba da na maƙwabcinsa mai gyaran agogo da matarsa ta kulle a waje. Labaran suka fito a bushe, suka ƙare da wuri.

"Me ke damun ka?" ya tambaya daga ƙarshe.

"Na gaji."

"Ciwo ne?"

"Na gaji ne kawai. Ina riƙe da sitiyari, fitila ta ba da hannu, sai na ji ban san dalilin da zai sa in taka mota ba. Na nema, na rasa."

Kofur ya goge masa fuska da tawul. Ya shafa masa hoda a wuya, ya ce zai dawo Talata.

Haka aka jera makonni. Duk Talata Kofur ya zo ya yi aski, ya buɗe taga, ya tafi. In ya dawo ya tarar an rufe ta. Masu dubiya suka yi ta zuwa da farko, kowa da maganinsa. Wata gwaggo ta ce a canza masa ɗaki. Abokan aikinsa suka zo su huɗu suka zauna a falo suka sha shayi suka tafi. Yayan Rediyo, wani dattijo mai shagon kayan gini wanda ya saba ba da umarni, ya shiga ɗakin ya tsaya a kansa.

"Kai, wane irin sakarci ne wannan? Harsashi bai kashe ka ba, yunwa ba ta kashe ka ba, sai yanzu da kake da gida da iyali za ka kwanta kamar tsumma? Me ka rasa? Faɗa mini abu ɗaya da ka rasa!"

"Babu, Yaya."

"To tashi mana!"

"To, Yaya."

Bai tashi ba. Yayan ya fita yana faɗa, amma Kofur ya gan shi a waje ya jingina da bangon mai walda ya daɗe yana goge ido da hular hannunsa.

Shagon Kofur ya yi shiru ranar Asabar. Masu aski suka riƙa tambaya ina mutumin nan mai ban dariya, yana cewa ba ya jin daɗi. In babu kowa sai ya zauna a kujerar aski ya juya wa madubi baya, ya yi ta kallon titi har wani ya shigo. A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ya ci abin da ya ci, ya fita tsakar gida ya zauna. 'Yarsu ta fari, wadda ke koyon ɗinki, ta kawo masa rigar da ta fara ɗinkawa da hannunta ta nuna masa, ya ce ta yi kyau. Sai da ta koma ɗaki ya lura bai ma kalli rigar ba. Ba sabon abu ba ne a gidan. Sun daɗe da sanin haka Baba yake, ba shi da yawan magana, ba a buga ƙofa da ƙarfi in yana nan.

Talata ta shida, bayan ya dawo daga gidan Rediyo, ya juye jakarsa a kan teburin shago don ya wanke kaya. Inji, almakashi biyu, mataji, buroshi, kwalbar man shafawa. Ya sake lalube jakar. Ya juya ta ya girgiza. Askar ba ta ciki.

Bai tsaya kulle shagon ba, ƙofar kawai ya jawo. Ya manta rabon da ya yi gudu, gwiwarsa ta hagu ba ta yarda da shi, amma ya yi. Ya wuce matar Rediyo a tsakar gidansu tana wanki, ta miƙe da kumfa a hannu tana tambayar lafiya. Ya tura ƙofar ɗakin.

Rediyo yana zaune a bakin gado, hannayensa a kan gwiwa, babu komai a cikinsu.

"Ba ni," Kofur ya ce, yana haki.

Suka dubi juna. Can Rediyo ya ɗaga matashin kai. Tana nan a naɗe, kamar yadda Kofur ya naɗe ta. Ya ɗauka ya sa a aljihu, sannan ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofa.

"Ban yi komai ba," in ji Rediyo. "Ajiyewa kawai na yi. In na san tana kusa sai in ji sauƙi."

"Ni za ka yi wa haka? Da askata?"

"Yi haƙuri."

"Gobe za mu asibiti."

A nan ne Rediyo ya ɗago kai da sauri, karo na farko cikin makonni shida da wani abu ya motsa a fuskarsa.

"Za su rufe ni. Na san wurin, akwai ƙarfe a tagoginsu. Kofur, kada ka bari a sake juya makulli ina ciki."

"Ba za a rufe ka ba. In an rufe ka, da ni za a rufe."

Kafin ya tafi ya ja matar gefe ya gaya mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta share hannu a zaninta, ta shiga kicin ta tattara wuƙaƙe ta kai gidan maƙwabta, ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin.

Sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa yana can bayan asibitin, bayan ɗakin wanki, inda fentin bango ya daɗe da ɓarewa. Tun ƙarfe bakwai suka isa su uku, suka tarar benci ya cika. Akwai wata tsohuwa da ke ta gyara wa ɗanta babba maɓallin riga, akwai wani mai kwat da jarida wanda ba za ka ce yana da damuwa ba. Aka ba su kati da lamba. Fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma tana juyi kamar an tilasta mata. Suka zauna awa uku.

"Talatin da bakwai!" wata nas ta ƙwala daga ƙofa.

Kafin Kofur ya san abin da yake yi ya miƙe tsaye ƙyam, hannaye a gefe, ƙafafu a haɗe, ido a ƙasa, kamar in an kira lamba a sansani. Mutane suka juyo suna kallonsa. Ya ji kunya ta rufe shi, ya wayance da gyara wando.

Likitar mace ce mai furfura a gaban goshi, da tabarau rataye a wuya. Daga ganin ta ita ma tun safe ba ta tashi daga kujerar ba. Nas ta kama ƙofa za ta rufe, Kofur ya ce don Allah a bar ta a buɗe. Likitar ta dube shi, ta dubi Rediyo, ta ce wa nas ta bari.

Matar ta yi bayanin bas da kwanciya. Kofur ya faɗi na askar, da na sansanin a taƙaice. Likitar ta rubuta, sannan ta juya ga Rediyo.

"Malam, yaya barci?"

Rediyo yana kallon ƙafar tebur. Shirun ya yi tsawo, Kofur ya ga ba za a bar mai aiki tana jira ba.

"Yana yin na farko," ya ce. "Awa biyu, uku. Daga nan sai ido ya bushe. Ba mafarki ba ne kullum, farkawa ce kawai, sai mutum ya kwanta yana jiran gari ya waye."

"Abinci fa?"

"Yana ci don a daina yi masa magana. Ba ya jin ɗanɗano. Duk ɗaya ne da tauna takarda."

"Akwai abin da yake jin daɗinsa? Yara, hira, wani abu?"

"Yana son su. Ba wai ba ya son su ba ne. Amma kamar akwai gilashi tsakaninsa da su. Yana ganin bakinsu na motsi, ya san ya kamata ya ji wani abu, sai ya ji babu. Da safe ne ya fi tsanani. Sa takalmi ma aiki ne."

Likitar ta ajiye biro.

"Shi ya gaya maka duk wannan?"

Matar Rediyo ta juyo tana kallon Kofur.

"Ai haka abin yake," ya ce.

"Tun yaushe haka abin yake?"

"Likita," in ji Rediyo. Muryar ta fito a dushe, amma tasa ce. "Shi ma ki duba shi. Ya riga ni. Tun a motar da ta dawo da mu gida yake haka, mutane na rawa a titi shi yana kallon takalminsa."

"Kai muka kawo," Kofur ya ce. "Ka bar zancena."

"Duk Asabar ina zuwa shagonka. Kana tsammani aski nake so? Kaina nawa ne? Matarka ce ta same ni tun shekarar farko, ta ce in ka ga ni ne kawai kake ɗan sakin fuska. Sai na riƙa zuwa. In tsaya a bakin kwana in shirya abin da zan faɗa, in shigo in yi, in fita in ji kamar an zare mini laka. A gida haka, a gareji haka, kowa na jiran Rediyo ya kama tasha." Ya numfasa. "Na gaji da goyonka, Kofur. Ba don ba na ƙaunarka ba. Bayan ne ya ƙare."

A waje ana kiran lamba ta gaba a wani ɗaki.

Rediyo ya ci gaba, yanzu da likitar yake. Ya ce akwai wani tsohon sajen soja a ɗaki na huɗu wanda ya fara sakin jiki a shekara ta biyu. Don ya ƙarfafa shi sai ya sanar a labaransa cewa ya ji daga bakin masu gadi za a yi musayar fursunoni ranar ɗaya ga wata. Ƙarya ce, shi ya ƙirƙira. Saje ya yarda, ya wanke rigarsa, ya sa Kofur ya yi masa aski. Ɗaya ga wata ta zo ta wuce. Ranar uku ga wata ya daina karɓar abinci, ranar goma sha ɗaya aka fitar da shi a bargo.

"Da yammar ranar na ɗauki gwangwani na karanta labarai," in ji Rediyo. "Har aka yi dariya."

Kofur ya tuna askin. Ya tuna yadda tsohon ya riƙa shafa kansa yana tambaya ko ya yi kyau. Bai taɓa sanin labarin ƙirƙira ba ne. Ya ɗauka masu gadin ne suka fasa.

Likitar ba ta ce ba laifinsa ba ne, ba ta kuma ce laifinsa ne ba. Ta ce za su dawo kan wannan, ba yau kaɗai ba. Ta ce abin da ke damun sa ciwo ne mai suna, ciwon damuwa mai tsanani, ba lalaci ba ne, ba kuma raunin zuciya ba, kuma ta sha ganin sa ga waɗanda aka tsare: wani ya kan taso da shi tun daga ƙofar sansani, wani sai bayan shekaru, lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin. Ta yi wa Rediyo tambayoyi kai tsaye game da askar, ya amsa. Ta ce ba za ta kwantar da shi ba in har akwai mai zama da shi kullum, kuma za a dawo da shi bayan kwana bakwai, ko kafin haka in abu ya canza. Ta rubuta magani, ta ce zai ɗauki makonni kafin a ga alama, kada a yi fushi a daina.

Sannan ta ɗauko wani sabon kati ta tura gaban Kofur.

"Wannan naka ne. Ba dole. In ka shirya, ka zo ranar Alhamis."

Ya ɗauka don kada ya yi mata rashin kunya. A hanyar komawa bai ce wa Rediyo uffan ba. Ya raka su har ƙofar gida, ya juya.

Talata ta zo bai je aski ba. Ya buɗe shago, ya yi aiki, ya rufe. Maganar goyo ta tsaya masa a rai. Wani lokaci ya ji haushi, ya ce wa ya roƙe shi. Wani lokaci ya ji kunya har ya kasa duban madubi. Ya so ya yi wa matarsa faɗa a kan zuwa wurin Rediyo da ta yi a bayan idonsa, amma faɗa ma yana bukatar ƙarfi. Katin ya kwana goma sha biyu a aljihun rigarsa, har ranar da za ta wanke rigar ta ciro shi. Ba ta tambaye shi ba. Ta ɗora shi a kan tebur kusa da kofin shayinsa, ta ci gaba da aikinta.

Alhamis ta uku ya je. Bai ce wa likitar abin kirki ba a ranar, yawanci "e" da "a'a" ne. Daga asibitin ya zarce gidan Rediyo da jakarsa. Ya yi askin da inji kawai, gemun ma da inji.

"Ka yi fushi," in ji Rediyo.

"Na yi."

"Ka huce?"

"Da saura. Sunkuyar da kai."

Sauƙin bai zo da gudu ba. Maganin farko ya sa Rediyo jiri da bushewar baki, aka canza. A wata na biyu ya fara fitowa falo, a na uku ya koma ɗaki na kwana goma, matar ta zo shago ta zauna a benci ta yi kukan da ba ta yi ba tun farko. Daga baya ya sake fitowa. Bai koma tuƙi ba, shi da kansa ya ce ba zai ɗauki rayukan mutane ba alhali bai gama riƙe nasa ba. Shugaban garejin ya ba shi aikin duba tayoyi da mai kafin motoci su fita, rabin yini. Ya rame, maganarsa ta ragu, wasu abokan aikin suka ce ba shi ba ne. Matarsa ta ce ita wannan ɗin ma ya ishe ta. Yayansa bai daina cewa da ƙarfin hali aka warke ba, amma shi ke kai su asibiti a motarsa duk ranar da aka ba su.

Kofur kuwa ba zai iya cewa ga ranar da wani abu ya canza ba. Barcin ya ƙaru da awa ɗaya. Wasu safiyoyin har yanzu sai ya daɗe zaune a bakin gado. Likitar ta ce masa ya gwada gaya wa wani a gida ko da abu ɗaya ne daga abin da ya gani, ya ce to, ya bar shi a to har wata biyu.

Wata Juma'a da rana wutar lantarki ta ɗauke, ya rufe shago da wuri ya dawo. Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana shanya. Ya tsaya kusa da igiyar, ta miƙo masa kwandon 'yan maƙalan shanya ba tare da ta dube shi ba.

"Akwai wata taga a can," ya ce. "Sama take, kusa da rufi. Ba a ganin komai sai in wani ya hau kafaɗar wani."

Hannunta ya tsaya a kan zanen gadon da take warwarewa. Tun da ya dawo bai taɓa cewa "can" a gabanta ba.

"Me ake gani?" ta tambaya a hankali.

"Wata gona. Da wata mata da ke zuwa da safe tana ɗaure saniya. Layi muke yi. Kowa ya ƙirga ashirin ya sauka."

Ya ji sauran maganar tana nan, da yawa, amma ya ji kamar ya sauke buhu daga mota. Ta jira, da ta ga ba zai ci gaba ba sai ta girgiza zanen gadon ta ɗora a igiya.

"Ka bar sauran sai wani lokaci, maigida," ta ce. "Ba ni guda biyu. Kama mini wancan gefen, iska na ja."

Ya kama.